Kitsen da Ke Jinin Inna

Kiru,
14 ga Afrilu, 1996.

Zuwa ga aminiyata Baturiya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da sauran mutanen Gusau da suka riƙe mana ke suka hana mu gani. Yaya zafi? Mu nan sai godiya, ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Takardarki ta same ni tun kafin a ba mu hutun makaranta, na ƙi ba ki amsa da gangan don ki ɗanɗana abin da kike yi mini. Amma yau ba tsokana ce ta sa na ɗauki biro ba.

Inna ce ba lafiya. Kada gabanki ya faɗi, tana nan da ranta, ga ta can a ɗakin baya ina hango ƙafafunta a kan tabarma. Kin san yadda take: kullum ta Allah ta tatsi shanu, ta ɗora ƙwaryar nono da fura da man shanu a ka, ta taka daga rugarmu ta wajen Tiga har Kwanar Dangora, ta sayar, ta sake takowa gida. Hanyar da ni sai da acaɓa nake iya yin ta. To ranar wata Litinin tana azumin nafila cikin ranar nan, jiri ya ɗebe ta a bakin tasha, ƙwarya ta fashe. Wani direba da ya san Malam Ɗanliti, maigidana, shi ya kawo mana labari.

Ban tsaya shawara da kowa ba, na sa ta a bas sai asibiti a Kano. Likitar mace ce, ta duba ta, ta ce jininta bai hau ba, amma a je a yi gwajin jini, mu dawo da sakamako a watan Yuni don layi ya yi yawa. Malam ne ya karɓo takardar da ya shiga birni. Baturiya, ina buɗewa na ga layi biyu an sa musu tauraro, an kuma zagaye su da jan biro. Ni malamar makaranta ce, na san abin da jan biro yake nufi. A layin farko an rubuta kolestarol, na biyun kuma haruffa uku ne kawai, HDL, kuma lambobin duka biyun sun haura wanda aka rubuta a gefe cewa shi ne daidai.

Na kai wa mai kemis ɗin bakin tasha. Ya gyara tabarau, ya girgiza kai, ya ce kitse ne ya yi yawa a jininta, shi ne yake toshe jijiya, mutum yana tafe sai ya yanke jiki ya faɗi. Ya ce man shanu da nono da nama da ƙwai su ke kawo shi, kuma mai irin wannan ciwo hutu yake bukata. Yana faɗa ina ganin Kawu Dikko. Kin san shi ya riƙe ni a Bebeji tun ina rarrafe, shi ya sa ni makaranta, kuma a gabana ya dawo daga masallaci ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa ya shanye, bai sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Wallahi ba zan zauna in ga irin wannan sau biyu ba.

Saboda haka na je rugar na kwaso ta da 'yan kayanta. Na hana man shanu, na hana nono, na hana tafiya. Tuwo da miyar kuka ba mai, sai kifi gasasshe. Habu ƙanena ya so ya yi gardama, na nuna masa jan biron, ya haƙura. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Kin tuna ranar da ta zo ziyara makaranta ta miƙa miki fura ta ce ki ba 'yar ɗakinku, kika yi ta dariya? To har yau haka muke. Ni ce 'yar fari, ba ta taɓa faɗar sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, sai dai ta aiko ko ta faɗa wa iska. Ta juya wajen Habu ta ce ya gaya wa 'yar Dikko wai ta ji. Haka take kirana tun da na san kaina, 'yar Dikko.

Na san za ki ce Hedigel, shugabar ɗalibanku ta da, ta tashi da mulkinta. Ki faɗa, na yarda. Rigakafi ya fi magani, kuma gara ta ji haushina tana raye. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Maijidda.

Kiru,
5 ga Mayu, 1996.

Baturiya 'yar'uwa,

Gaisuwa da fatan kun yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Yaya gajiyar suya? Yaya jikin ƙaramar da kika ce tana haƙori? Allah ya sa ta samu sauƙi. Na ga amsarki, kuma na ga inda kika ja layi a ƙarƙashin maganar cewa in koma wa likita kafin in yanke hukunci. Ke dai kin iya ba da shawara daga nesa. Ranar da aka ba mu ba ta zo ba, ga wahalar man fetur ɗin nan, motar Kano sai ka wuni a tasha kafin ka samu. Zan ɗauki mara lafiya in shanya ta a rana don a maimaita mini abin da na riga na sani?

Amma ba zan ɓoye miki ba, hankalina ba a kwance yake ba. Inna ramewa take yi. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu sai ta ninka shi, awarwaron hannunta yana gangarowa har gwiwar hannu. Matar da ban taɓa gani a zaune da rana ba, yanzu wuni take yi tana kallon katanga tana jan carbi. Abinci kuwa yadda na kai haka nake ɗaukowa, sai dai ta gutsuri gefe don kada a ce ba ta taɓa ba. Na ce a raina lallai ciwon nan ya ci jiki tun ba mu sani ba, Allah ne ya sa na farga da wuri.

Malam kuwa, Allah ya saka masa, ya yi abin da ko ɗan cikinta sai haka. Kullum da safe kafin ya tafi ofishin gona sai ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ya tambayi jiki. Ranar Lahadi da kansa yake hawa babur ya je Tiga wajen masunta ya zaɓo ragon ruwa da karfasa masu rai, ya shigo yana ɗaga murya cewa ga kifin Inna nan a gasa mata. In ya dawo da yamma, kafin ya cire hula sai ya buɗe kwanonta ya duba, ya tsaya a tsakar gida yana tambayata me ya sa yau ma ba ta ci ba. Har cewa ya yi ko girkina ne ba ya mata daɗi. Na ce masa girkin da ya sa shi ajiye tumbi ne yau ya zama abin zargi?

Ranar Sallah ce ta fi tsaya mini a rai. Mun yanka rago, gida ya cika da ƙamshi, na zaɓi tsoka zalla na dafa mata ba mai. Da rana sai ga Habu da 'yar ƙwarya a rufe da faifai, man shanu ne sabon kaɗi, matarsa ta aiko wa Inna. Na tare shi a zaure na ce ya koma da shi. Ya ce ko kaɗan ne a bar ta ta lasa, yau Sallah. Na ce in yana son ya ɗauki makarar uwarsa to ya shiga da shi. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya ajiye ƙwaryar a waje ya shiga hannu biyu. Na ba maƙwabta man.

Ina daga kicin ina jin su. Ba ta tambaye shi gida ba, ba ta tambayi yara ba, Wule ta fara tambaya, saniyar nan tata mai farin goshi wadda ta haihu kafin in kawo Inna nan. Habu ya ce tun da ta taho Wule ta ƙi sakar wa kowa nono, in matarsa ta matso sai ta yi harbi. Inna ta ce a riƙa sa mata kanwa. Wannan ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinta tun zuwanta gidan nan.

Ina jin tsoro, Baturiya, gaskiyar magana ke nan. Ina yin duk abin da aka ce, ita kuma tana ƙarewa a gabana, kuma ba halin in zauna kusa da ita in ce Inna ina ke miki ciwo. In na tambaya sai ta kalli ƙofa ta ce lafiya lau. Wani lokaci har haushi nake ji, in ce wace irin kunya ce wannan da ta fi rai. Sai kuma in yi istigfari.

Ki gaida kowa da kowa. Ki rubuto da wuri, kada ki rama.

Taki,
Maijidda.

Kiru,
26 ga Mayu, 1996.

Aminiyata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kuna nan ƙalau. An yi mana ruwan shuka, gari ya yi sanyi, kowa ya bazama gona. Allah ya sa ku ma ya sauka wajenku. Ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan, don na san za ki yi mini dariya, kuma na cancanta.

Makon jiya aka tura Malam garin Doguwa rabon taki, ya yi 'yan kwanaki a can. Ranar da ya tafi na kai wa Inna tuwo da rana kamar kullum, na koma ɗauko kwano, sai na tarar da shi wayam, har an suɗe gefe. Da yamma ma haka. Washegari na same ta a tsakar gida tana shara, har ta tsince mini wake. Na yi ta hamdala, na ce magani ya fara aiki, kitsen ya fara narkewa. Har na ɗauki biro zan rubuto miki in ce ina mai ba da shawara, ga sakamako.

Ranar Alhamis da la'asar tana cikin cin abinci a ƙofar ɗaki sai muka ji ƙarar babur ɗinsa a waje. Ina kallonta, Baturiya. Lomar da ta ɗauko ba ta kai baki ba, ta mayar, ta rufe kwano, ta goge hannu a gefen zane, ta shige ɗaki ta saki labule. Na tsaya da muciya a hannu kamar an dasa ni. Sai a lokacin kaina ya buɗe.

Gidan suruki na kawo ta. Abin da ko yarinyar da ba ta fara ɗaura ɗankwali ba ta sani a rugarmu, ni da takardar shaidar malanta na manta. Uwar mata ba ta cin abinci a idon mijin 'yarta, balle mijin 'yar fari, balle kuma irin su Inna da ko ruwa ba sa sha a gabansa. Na ɗauka tunda na ba ta ɗakin baya shi ke nan na gama. Ashe ɗakin baya bai hana ta jin yana shelar ga kifin Inna ba, bai hana ta jin ƙarar murfin kwano in ya buɗe yana dubawa ba. In kwano ya dawo wayam, suruki ya san ta ci ke nan, kuma ya san yawan abin da ta ci. Ita kuwa gara yunwa da wannan. Duk alherin da bawan Allah yake yi, shi ne yake ɗaure mata baki. Kuma ba za ta faɗa ba, don wanda za a faɗa wa ni ce.

Da na gaya wa Malam, ya cire hula ya riƙe kai, ya yi ta salati. Shi mutumin cikin gari ne, tasu surukutar ba ta kai haka tsanani ba. Ba tare da na roƙe shi ba ya kwashe kayansa ya koma shagon ƙaninsa a bakin kasuwa, can nake aika masa abinci. Magidanci da gidansa yana kwana a shago kamar gwauro, mutane har sun fara tambaya ko faɗa muka yi. Inna tana ci yanzu, amma ba sosai ba, don ta gane dalilin tafiyarsa, kuma wannan ma wata kunyar ce. Jiya na ji tana gaya wa kazar da ke kiwo a ƙofarta cewa baƙon da ya kori mai gida ya daɗe.

To ga inda nake, gaba kura baya sayaki. In na mayar da ita ruga, kafin in juya baya ta ɗauki ƙwarya ta kama hanya, man shanu kuwa a can ko a kunu sai an sa, kuma takarda ta ce shi ne ajalinta. In na riƙe ta a nan, kunya da zaman ɗaki za su ƙarasa ta, in kuma raba mijina da gidansa. Ko ta ina na duba uwata nake gani a kwance. Ban taɓa jin na rasa dabara irin wannan karon ba.

Na bi shawararki, ki ji daɗi. Ba zan jira ranar da aka rubuta ba. Malam ya yi magana da direban da zai kai kayan gwari Kano ranar Talata, zai ajiye mana kujerar gaba. Zan je in zauna a ƙofar likitar nan ko da wuni ne, in nuna mata takardar, in nuna mata Inna, ta faɗa mini wanne zan zaɓa.

Ki yi mana addu'a. Ina gaida maigidan da yara.

Taki,
Maijidda.

Kiru,
16 ga Yuni, 1996.

Zuwa ga Baturiya, aminiyar arziki,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan damina ta same ku lafiya. Mu nan alhamdulillahi, gero ya fara rufe ƙasa, Malam ya dawo ɗakinsa, masu tsegumi sun rasa abin faɗa. Na san kin ƙagu, don haka ba zan ja ki da nisa ba.

Mun je. Mun daɗe a benci kafin nas ta tausaya mana ta shigar da mu. Likitar ta gane Inna, amma sai da ta sake dubanta, ta ɗora ta a sikeli, ta kalli abin da ta rubuta a watan Afrilu, fuskarta ta canza. Ta tambaye ni wane ciwo ta yi a tsakani. Na ce ba komai, ai kiyaye ta nake yi, na miƙa takardar ina nuna jan biron da yatsa, na lissafa mata duk abin da na hana, har da alfahari. Ta karanta a tsanake. Sai ta ajiye, ta ce in ja kujera in zauna.

Ga abin da ta ce, yadda na fahimta. Kitsen nan da ake kira kolestarol kowa yana da shi, jiki ma da kansa yake yin sa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ta tambaye ni ko na san magudanan ruwan da ke fita daga Tiga zuwa gonaki. Na ce a gefensu aka haife ni. Ta ce to jijiya haka take: akwai mai kawo laka ya jibge a hanya har ta toshe, shi ake rubuta wa LDL, shi ne abin tsoro in ya yi yawa. Akwai kuma mai yashe lakar ya kwashe ta ya kai hanta a sarrafa, shi ne HDL. Ta sa biro a wani layi da ko kallonsa ban taɓa yi ba saboda ba shi da tauraro, ta ce ga mai toshewar nan, na Inna daidai yake. Wanda ya hau mai yashewar ne. Layin farko kuma jimilla ce, an haɗa duka an tara, dole ta yi yawa tunda mai kyan ya yi yawa. Tauraron, in ji ta, alama ce kawai cewa lamba ta fita daga ta yawancin mutane, ba ya bambanta fita ta alheri da ta sharri, shi ya sa ake cewa a kawo wa likita.

Na tambaye ta me ya sa na Inna ya hau haka. Ta ce wani gado ne, mata kuma sun fi maza, ga shi ba ta shan taba, amma babban abin da ke ɗaga shi motsa jiki ne. Ta tambayi aikin Inna. Da na gaya mata tafiyar da take yi kullum da kaya a ka, sai ta ce da za ta iya rubuta wa masu zuwa wajenta wannan tafiya a takardar magani da ta rubuta. Jirin kuma, ta nuna mini can ƙasa, jininta ne ya ɗan yi ƙaranci, ga azumi ga rana, ƙwayoyi kaɗan da ganye da hanta sun isa. Ta ja mini kunne cewa wannan ba izini ba ne a riƙa shan man shanu da ludayi, a ci daidai kamar yadda ta saba, a rage azumi ranar talla, a dawo baɗi a sake gwaji. Sannan ta ce abin da ya dame ta a jikin matar nan ba ya cikin takarda, ramar nan ce, kuma ba ciwo ne ya kawo ta ba.

Baturiya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, yau na yarda. Abin da yake tsare ta shi na raba ta da shi, na zaunar da ita a ɗaki, na tare ɗanta da man Sallah. Ban ga laifin mai kemis ba kamar nawa, shi abin da ya sani ya faɗa, ni ce na mai da shi doka. Likitar ta juya ta yi wa Inna bayani a taƙaice, ta ce lafiyarta ƙalau, ta koma gida ta ci gaba da harkarta. Inna ta ce to, madalla. Ko dubana ba ta yi ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na raka ta. Mun sauka a Kwanar Dangora, na kira mai acaɓa, sai ta ɗaga ƙullin kayanta ta ɗora a ka ta kama hanya. Na sallami mutumin na bi ta. Da fari tana tafiya a hankali, ƙafa ta manta, muna tsayawa a gindin ɗorawa tana hutawa. Can da muka fara hango tudun rugar sai ƙafarta ta dawo. Ni da nake jinya ni ce a baya ina haki, takalmina a hannu, ita da aka ce za ta faɗi tana gaba. Duk hanyar nan ina ta shirya yadda zan ba ta haƙuri, na rasa ta inda ake farawa, don ban taɓa yin doguwar magana da ita ba tun da aka haife ni.

Mun isa shanu sun dawo daga kiwo. Ba ta shiga ɗaki ba, ko ruwa ba ta sha ba, ta wuce garke. Wule ta jiyo muryarta ta yi wani kuka, ta taho tana shinshinar zanenta. Habu ya sako ɗan maraƙin ya ɗan tsotsa, aka janye shi, Inna ta tsuguna da ƙwarya a tsakanin gwiwoyinta. Saniyar da ta yi makonni tana harbin mutane ta tsaya cak, nono yana zuba. Ni ina tsaye daga gefe kamar baƙuwa, na ƙudura a raina in an gama zan durƙusa in faɗi abin da ya zo bakina, ko ta amsa ko kada ta amsa.

Ban samu na faɗa ba. Tana tatsa, goshinta a jikin saniyar, ta fara yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda ta saba, tana tambayarta ko an ba ta kanwa, ko ta yi fushi. Sai na ji ta ce, da Hausa ba da Fillanci ba, don ta san Fillancina ya gudu tun a Bebeji:

"Wule, kada ki riƙe ta a zuciya. Tsoro ta ji kada in mutu. 'Yata ce."

Habu ya sunkuyar da kai ya bar wajen. Ita kuma ta miƙe, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa kusa da ƙafata, da kumfa da ɗuminta, ta juya ta nufi wata saniyar ba ta waiwayo ba. Na tsuguna na sha, hawaye yana zuba a ciki. Shekarata talatin da biyu, Baturiya, ranar nan na fara jin ta ce haka.

Ta koma tallarta. Direban nan da ya kawo mana labarin faɗuwarta ya ce ya gan ta a tasha da sabuwar ƙwarya, kumatunta sun fara dawowa. Jiya Habu ya zo da man shanu a rufe da faifai, ya tsaya a zaure yana tambaya cikin zolaya ko an yarda ya shigo. Na ce ya shigo kafin in fasa masa kai. Ya ce Inna ta ce a ba mai gidan, a gaya masa ta gode da kifi.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yara. In Allah ya kawo ki hutun ƙarshen shekara zan kai ki rugar, amma ki zo da takalmin tafiya, don ba za mu hau acaɓa ba.

Taki har kullum,
Maijidda 'yar Inna.